Littattafan 'Yan'uwa Maza da Gidan da Aka Kawo Ni

Ranar da aka kawo ni Kura amarya, a can ƙasan akwatina akwai wani littafin Turanci mai yagaggen bango da na naɗe cikin ɗankwali, don kada gwaggonnina su gani su ce yarinya za ta gidan miji da karatun banza. A wurin masu baza littattafan gwanjo a bakin titi wajen Bata na saye shi, saura mako uku biki, hidima ba ta bar ni na buɗe shi ba. Sai da 'yan rakiya suka watse, gida ya yi tsit, na rasa wanda zan yi wa magana tsakanin azahar da la'asar, sannan na ciro shi.

Labarin wasu maza uku ne a wani ɗan garin masunta da ke bakin ruwan Chesapeake, a jihar Maryland ta Amurka. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya. Kowannensu tsintarsa aka yi yana yaro bayan duniya ta gama wujijjiga shi, wani malamin jami'a da matarsa likitar yara suka riƙe su har suka zama mutane. Da suka girma kowa ya kama gabansa: ɗaya yana yawon tsere a Turai, ɗaya yana aikin talla a birnin Baltimore, ɗaya ya zauna gida yana kamun kaguwa. Sai uban ya yi hatsarin mota. Kafin ya cika ya damƙa musu amanar wani yaro ɗan shekara goma da bai daɗe da ɗaukowa ba, ya ce su riƙe shi yadda aka riƙe su. Dole ta sa suka tattaro suka dawo gida ɗaya, ana faɗa kan wanke-wanke da cefane, daga baya suka kama sana'ar ƙera jiragen ruwa na katako tare. Nora Roberts ce ta rubuta, ya fito a 1998. Kowane namiji da littafinsa da matar da zai samu, na huɗun kuma, na yaron bayan ya girma, sai a 2002 ya fito.

Ina karatu ina leƙen tsakar gida ta gefen labule, domin gidan da aka kawo ni na maza biyar ne, zaure ɗaya, rijiya ɗaya, kowa da sashensa, ga injin casar shinkafa a bayan katanga yana ruri tun safe. Yaya Babba da mijina da Auta cikin Hajiya suka fito. Mai bi wa Yaya Babba ɗan abokiyar zamanta ne, wadda ta rasu yana goye. Ɗayan kuwa, sa'an mijina, wanda yaran gida ke kira Baffan Inji, sai da na shekara kafin na san ba ɗan Baba ba ne. Almajiri ne da aka kawo karatu daga ƙasar Damagaram yana ɗan shekara bakwai, yana zuwa gidan da ƙoƙonsa. Malaminsu ya tashi ƙaura, aka bincika aka tarar iyayen yaron sun rasu, Baba ya ce ya shigo ciki. Shigowar ke nan har yau.

Tun daga wannan littafin na kamu. Ashe irinsa suna da yawa, kuma wanda ya karanta goma ya san shimfiɗarsu. Gari ne ɗan ƙarami, titi ɗaya mai shaguna, wurin shan kofi ɗaya da kowa ke haɗuwa da safe, da wata tsohuwa da ba a yin tari a garin ba ta ji ba. Wani lokaci a ƙasar makiyayan shanu ta Montana ko Texas, wani lokaci a duwatsun Tennessee, ko can yammacin Kanada. A garin akwai gida ɗaya da kowa ya sani, mai maza uku ko huɗu, har mai shida na gani. Babban kullum fuska a ɗaure, shi ya ɗauki nauyin gida tun rasuwar uba. Akwai mai barkwanci da 'yan matan gari suka gama sani, akwai shiru-shirun da ya dawo daga aikin soja ba ya iya barci, akwai wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'yar yarinya. Sau da yawa ɗaya cikinsu shi ne babban ɗan sandan garin. Sai baƙuwa ta sauka daga New York ko Chicago, ta gudo daga aikin da ya cinye ta ko baikon da ya watse, motarta ta mutu a bakin gari. Ƙa'idar irin wannan rubutu ce a ƙare da daidaitawar masoya. Wanda ya kashe jaruma a shafin ƙarshe, masu karatu ba sa lissafa littafinsa cikin na soyayya.

Wata abokiyar aikina a makaranta ta taɓa ce min, "Malama, tunda kin san ƙarshen tun daga shafin farko, me kike nema a ciki?" Ranar ban ba ta amsar kirki ba. Gidan nake nema. A littafi na biyu, matar da kika sha fargaba tare da ita a na farko ta riga ta zama 'yar gida, ita ce ke yanka albasa a kicin ranar Lahadi tana ba sabuwar baƙuwa labarin halin kowa. A na uku tana da ciki. A na huɗu ɗanta yana rarrafe a ƙarƙashin tebur. Soyayyar mutum biyu shafi ɗari uku take yi ta ƙare, teburin cin abincin kuwa sai ƙara masa kujeru ake yi.

Mu da muka yi makarantar kwana mun san littattafan soyayya na Mills & Boon, waɗanda ake ɓoyewa ƙarƙashin katifa, a yaga littafi gida uku don mutum uku su karanta a dare ɗaya. A Landan aka kafa kamfanin a 1908, Harlequin ta Kanada ta saye shi a 1971. Amma jarumin waɗancan kamar daga sama ya faɗo, attajirin Girka ko Italiya, ba ƙani, ba maƙwabci, ba mai ce masa ka yi kuskure. Na 'yan'uwa maza sun kewaye jarumi da mutanen da suka san shi tun yana fitsarin kwance. Masu sayarwa ma sun ga riba, domin wadda ta karanta na wa ba za ta bar na ƙani ba. Kamfanin Amazon ya buɗe tsarin karanta littattafai ta intanet mai suna Kindle Unlimited a 2014, a biya kuɗin wata a karanta iya iyawa, daga 2015 kuma ya koma biyan marubuta gwargwadon shafukan da aka karanta. Gida mai maza shida ya zama jari ke nan, littafi shida a jere.

Su kansu Amurkawan, abin da ya yi musu ƙaranci suke saye. A ƙidayarsu ta 2020, kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar a birane da kewayensu suke, kuma fiye da rabin gundumomin ƙasar raguwa mutanensu suka yi cikin shekara 10. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu na gidajensu mutum ɗaya ne tak a ciki. Idan aka yi raba-daidai, haihuwar mace ɗaya ba ta kai biyu ba. A watan Mayun 2023 babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da takardar gargaɗi cewa kaɗaici ya zama annoba. Matar da ke zaune ita kaɗai a hawa na goma sha biyu, ɗan'uwanta tilo yana wata jiha sai an hau jirgi, me zai hana ta kwana da labarin gidan da maza shida ke zuwa gyaran rufi ba a kira su ba?

Nora Roberts ita ce auta a gidansu, mace tilo bayan maza huɗu, 'ya'yanta biyu kuma duka maza. A 1979 dusar ƙanƙara ta kulle ta a gida da yaran nan, ta ɗauki fensir ta fara rubutu, littafinta na farko ya fito a 1981. Da na ji wannan tarihin sai na gane inda ta koyi maganar maza. Wa da ƙani ba sa ce wa juna "ina ƙaunarka". Tsokana ce, da gori, da "matsa can, ba ka iya ba", sannan a karɓe gudumar a yi maka aikin. Wannan kam ta kamo shi daidai, kuma ina da shaida.

A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta faɗa wa tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam. Wanda ya gani ba zai manta ba: gona kore shar yau, bayan 'yan kwanaki ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, 'ya'yan duk huji. Tumatir ya yi tsadar da har jaridun Legas suka yi ta magana. Mijina ya zuba duk abin da ya mallaka a wannan noman, har da kuɗin da ya ranto wurin wani dillali, bai tsira da kwando ashirin ba. Ya rage cin abinci, ya daina fita zaure bayan isha'i, inda su biyar ke zama kan tabarma su ci tuwo a tire ɗaya. Ni kuma raina ya ɓaci da 'yan'uwansa, don ba wanda ya shigo ya ce masa sannu, Allah ya mayar da alheri. Sai a dare na huɗu na ji muryar Yaya Babba daga bakin ƙofar sashenmu.

"Kai, tuwon nan zai huce fa. Ko sai an aiko maka da mota?"

Ya fita. Ina jiyo su ta katanga, ba wanda ya ambaci tumatir. Musu suka yi ta yi kan ƙwallo, da kan wanda ya bar injin ban-ruwa ya kwana a gona. Bayan mako guda dillalin ya tare mijina a masallacin Juma'a ya ce an biya. Wa ya biya? Ya ce an hana shi faɗa. Da damina ta kawo kai, aka wayi gari da buhun taki shida da irin shinkafa jingine a zaure, Baffan Inji ya ce masa, "Ajiya aka ba ni. Kwashe min su, sun tare hanya." Har yau mijina bai san nawa kowa ya sa ba, kuma ya san idan ya tambaya zai ɓata abin. Duk sanda na ci karo da irin wannan a littafi sai in ajiye in yi shiru, don na san marubuciyar ta taɓa tsayawa a bayan irin wannan katangar.

Akwai dai abin da ba na jin daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Rayuwarsu ba tamu ba ce. Mashaya ita ce dandalin garin, saurayi da budurwa su tare gida ɗaya ba aure, kuma da yawa cikin sababbin, musamman waɗanda TikTok ya tallata, suna bayyana abin da ya kamata a sakaya. Tsallakewa nake yi, wasu in ajiye su ɗungurungum. Akwai waɗanda ake rubutawa a tsabtace, Harlequin ma tana da jerin da ta ware wa masu riƙo da addini, Love Inspired. 'Yata ta fara miƙa hannu kan kantar littattafaina, abin da na karanta da kaina na amince da shi kaɗai nake ba ta.

Babbar ƙaryar da suke yi kuwa a wurin facaloli take. A littafi, ranar da baƙuwa ta taka gidan matan yayyen miji sun rungume ta, kafin sati sun zama aminai suna haɗa kai suna tsokanar mazan. Wadda ta rubuta haka ba ta taɓa haɗa murhu da wata ba. Can kowa da gidansa da kicin ɗinsa, sai Lahadi a haɗu awa uku a rabu, kuma zumuncin awa uku ba shi da wuya.

Ni 'yar cikin birnin Kano ce, mu huɗu a gidanmu, da risho na saba girki. A nan kuwa girki zagayawa yake kwana bibbiyu, ƙatuwar tukunya a kan murhun itace, baki sama da ashirin ban da almajirai da masu aikin inji. Tuwona na farko ya yi gudaji, miyar kuka ta tsinke. Matar Yaya Babba, wadda muke kira Anti Babba, ta ɗaga murfin kwano ta duba, ta mayar, ba ta ce uffan ba, ta je ta ɗora wata tukunyar. Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Na ɗauka baƙin ciki take yi da karatuna da albashina, sai na daina zaman tsakar gida, in dawo daga makaranta in shige ɗaki in saki labule. Ita kuma ta ɗauka ƙyamarsu nake yi, 'yar boko ba ta son tururin gumi. Sana'arta ke nan, kamar matan Kura da yawa: a jiƙa shanshera, a turara, a baza a kan tamfol ta sha iska, sannan a kai inji. Wata goma muna gaisuwar fatar baki. Mazan sun sani sarai, ba wanda ya sa baki, kuma yanzu na gane da gangan ne. Ranar da wa ya tsaya wa matarsa a kan matar ƙaninsa, ranar bango ya tsage.

Naƙudar fari ta zo min kafin lokaci, saura mako biyu a mayar da ni gida. Tsakar dare ne cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, mijina ya kai kaya Dawanau bai dawo ba. Ban kira ta ba, nishina ta jiyo. Ta faɗo ɗakin ko sallama babu, ta dube ni sau ɗaya, ta ƙwala wa Baffan Inji kira ya fito da a-kori-kura. Na kasa zama a gaba. A bayan motar ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, bayana a ƙirjinta, ta lulluɓe mu da tamfol ɗin shanyarta, tana tofa min duk addu'ar da ta sani. Duk ramin da muka faɗa sai ta ƙanƙame ni ta ce, "Yi haƙuri ƙanwata, mun kusa." Ban taɓa jin ta kira ni haka ba sai ranar. Har gobe idan na ji ƙamshin gumi wannan daren nake tunawa. Da aka zo tafiya da ni gida wanka, ita ta roƙi Hajiya da mahaifiyata a bar mata ni, ta yi min kwana arba'in cur. Ita ta koya min tuƙa tuwon mutum ashirin, ni nake duba wa 'ya'yanta aikin makaranta. Mun sake saɓawa bayan nan, ba sau ɗaya ba, zo mu zauna ai zo mu saɓa ne. Wata goman nan nake nema a littattafan ba na samu, kuma a ganina nan ne naman labarin yake.

Namu na Hausa kuma ɗaya gefen suka karkata. Da su na tashi, ba na yarda a raina su a gabana. Matan da suka kama alƙalami a Kano tun shekarun 1980 su suka fito da maganar auren dole da karatun 'ya mace fili, lokacin da ba mai son ji. Yanzu ma da rubutun ya koma WhatsApp da Wattpad ina biyan kuɗina in karanta. Babban gida mai sassa da yawa ba baƙo ba ne a cikinsu, da auren zumunci, da yayan da ke ɗaure wa yarinya fuska kafin a ɗaura musu aure. Sai dai gidan yana Maitama ko Nasarawa, mazan kuma wannan matuƙin jirgin sama, wancan likita a Dubai. Ƙaramin gari wurin da ake ɗauko jaruma ne a wanke ta a kai ta birni. Facala da ta bayyana kin san boka na tafe, 'yan uba kuwa sai gaban alƙali. Duk suna faruwa, ban musa ba, na ga gidan da gado ya raba har ba a gaisawa a maƙabarta. Amma ba su kaɗai ke faruwa ba. Ina marmarin ranar da wata za ta zauna ta rubuta min littafi biyar a kan gida ɗaya a Kura ko Gumel ko Malumfashi, mai inji da littafinsa, direban hanyar Zariya da nasa, malamin firamaren da albashi ba ya kai shi ashirin ga wata da nasa, kasuwa tana ci, ana kiran salla, mata suna saɓawa suna shiryawa ba wadda ta je wurin boka.

Mu ma fa irin wannan zaman yana kuɓuce mana. Gandu, inda uba da 'ya'yansa maza ke noma gona ɗaya su ci daga rumbu ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe, tuni yake sassautawa. Baturiyar nan Polly Hill, da ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina ta fitar da littafinta kan zaman ƙauyen Hausa a 1972, ta riga ta lura cewa gandu ba ya cika daɗewa a hannun 'yan'uwa bayan rasuwar uba. Abin da mutanen gari suka zuba ido su gani a gidanmu ke nan lokacin da Baba ya rasu, shekara biyu bayan asarar tumatir.

Rasuwar farat ɗaya ce, bai bar wasiyya ba. Bayan arba'in aka kira malamin da zai raba gado, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, 'yan'uwansu mata biyu suka zo daga gidajen aurensu, mu matan gida muna rumfar Hajiya muna ji. Aka lissafa gonaki da gida da inji. Aka fitar wa Hajiya tumunin takaba, aka raba saura, namiji rabon mata biyu, kamar yadda Allah ya hukunta. Ɗan riƙo ba ya gado, kowa ya sani, shi ma ya sani. Shekara ashirin da ɗoriya yana kan injin nan, ya san kukan kowane ƙarfe a jikinsa, buntu ya ci masa ƙirji har ba ya rabo da tari idan hunturu ya shigo. Tunda aka fara lissafi ya tashi daga tabarmar ya koma bakin zaure ya tsuguna, wai yana gyaran tocila.

Da malam ya shafa fatiha, mai bi wa Yaya Babba ya yi gyaran murya. Shi ne wanda ake ta raɗe-raɗin zai fara cewa a sayar a ba shi nasa, tunda ɗan wani ɗaki ne.

"Allah gafarta malam, yanzu rabona na injin nan ya zama nawa? Ina da ikon yin kyauta da shi?"

Malam ya ce ƙwarai kuwa.

"To a rubuta, rabin nawa na ba ɗan'uwana."

Bai kira suna ba, da haɓa ya nuna bakin zaure. Yaya Babba ya sunkuyar da kai ya ce, "Ka riga ni." Mijina ya bi, Auta ya bi, yayarsu mace ta ce nata gaba ɗaya ta bar masa, gona ta ishe ta. Kafin a tashi, wanda bai gaji ko allura ba ya fi kowa kaso a injin. Aka kira shi ya zo ya sa hannu, ya ƙi tasowa. Sai da Hajiya ta ɗaga murya daga cikin lulluɓin takaba, ta kira shi da sunan da take kiransa tun yana zuwa da ƙoƙo, ta ce, "Taso mana ɗan nan, kana tsayar da mutane." Ya taso yana goge fuska da hularsa. Yaya Babba ya miƙa masa biro ya ce, "Sa hannu ka je ka tayar da inji, mata sun yi layi tun ɗazu."

Wani dare da aka ɗauke wuta na ba Hajiya labarin littafin nan mai yagaggen bango, da Hausa, daga farko har ƙarshe, Anti Babba tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Hajiya ta saurara tsaf, ba ta tambayi komai kan 'yan matan ba. Da na kai inda uban ya damƙa musu yaron sai ta ce, "Suka riƙe shi?" Na ce suka riƙe shi, har ya girma ya zama sanannen mai zane. Ta ce, "To, Allah ya yi musu albarka," kamar mutanen unguwa ta gaba ne. Can kuma ta nisa ta ce, "Amma ba su da 'yar'uwa mace ko ɗaya? To wa ke yi musu faɗa?"

Bayan babbar salla za a ɗaura auren Auta. Yarinyar 'yar Zariya ce, ma'aikaciyar jinya, ba ta taɓa kwana a Kura ba. Yayyensa huɗu sun kwashe mako uku suna gyaran sashensa, ana ta musu kan launin fenti, Yaya Babba ya sa an ɓalle tayil sau biyu wai ya karkace. Jiya da yamma Anti Babba ta same ni ina kwashe shanya, ta ce ranar girkin amarya na farko kada mu bar ta ita kaɗai da tukunyar nan. Muka yanke ni zan hura wuta in tsaya mata a kan miya, ita kuma za ta kama muciya tare da ita har tuwon ya haɗu.